Saƙi Uku Da Na Aika Wa Hajo

Ƙugiya ɗaya tak ban sa wa harafi ba, aurena ya mutu. Sauran ɓarnar kuma ba ta rediyo ba ce, ba ta surukai ba ce, bakina ne ya ƙarasa ta. Na faɗi haka tun farko don kada wani cikinku, masu karatu, ya fara tausaya mini. Ba na so. Ku dai ji yadda aka yi.

Sunana Aƙilu, mutumin Ƙarfi ta ƙasar Malumfashi. Noma nake yi da damina, in kaka ta yi sai in gangara Funtuwa ɗinkin buhunan auduga. Abin ya faru shekara huɗu bayan samun mulkin kai. A lokacin na haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemu. Wato ba yaro ne ya yi wannan aiki ba.

Hajo 'yar Dayi ce. Bazawara na same ta, mijinta na fari ya rasu, tana tuyar ƙuli-ƙuli a gidan ubanta, Baba Maitama. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, in ta ɗaura kallabi sai ta karkata shi gefen hagu kamar tana jiran wani ya yi magana. Bakinta kuwa ya fi man gyaɗar da take tsamewa zafi. Mu biyu muka nema: ni da Rabe mai tebur. Rabe yana da keke, yana da agogon hannu da ba ya tafiya, sannan yana da akwatin rediyo, shi kaɗai a duk Dayi. Kullum la'asar mutane na tsugune gaban teburinsa, tsakanin sabulu da ashana, suna jin duniya. Uwar Hajo, wadda kowa ke kira Tsohuwa, Rabe take so, ba ta kuma ɓoye ba.

To ni da me na ci? Da gawayi. Na taɓa zama ajin yaƙi da jahilci wata biyu. Wata rana na je zance, na ɗauki gawayi a bakin murhu na rubuta HAJO a bangon zaure, manya-manya. Ta tsaya tana kallo, ta ce, "Wannan ni ce?" Na ce ke ce. Ta ce, "Duk tsawona a ɗan wannan?" Tun daga ranar ta daina kirana da komai sai Malam, rabi girmamawa rabi tsokana. Ni kuwa girmamawar kaɗai nake ji. Allah ya taimake ni sunanta ba shi da ƙugiya, da tun ranar asirina ya tonu.

Don kuwa a kan ƙugiyar nan na bar ajin. Malam Isyaku mai koyar da mu ya dame ni: "Aƙilu, ka lanƙwasa kan harafin nan. Ka daban, ƙa daban." Na ce, "Malam, wanda ya sha nonon Hausa ai zai gane." Ya ce takarda ba ta shan nono. Na ɗauki fensirina na fita, ban koma ba.

Shekararmu biyu da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba, amma muna zaune lafiya. Da kaka ta yi na kai ta Dayi wajen iyayenta na wuce Funtuwa. Can kewa ta kama ni. Ku yi dariya in kun ga dama, gardi mai gemu yana ɗinka buhu yana tuna wushirya. Na je wajen masaƙa na zaɓo mata zanen saƙi guda uku, mai shuɗi da fari, ƙananan gidaje kamar bayan zabuwa, irin wanda in an wanke yake ƙara kyau. Na ba Buba direba ya kai mata in motarsa ta bi ta Dayi.

Da a nan na tsaya da yanzu ba ku san ni ba. Sai shaiɗan ya raɗa mini: ai akwai shirin gaishe-gaishe a rediyo ranar Juma'a. Ka rubuta takarda, a karanta, sunanka ya fito daga akwatin Rabe, a kan teburin Rabe, da batirin Rabe. Wallahi ba don Hajo kaɗai na yi ba. Rabin saƙon nan na Rabe ne.

Rubutu a wurina ya fi huɗa wuya, kowane harafi da guminsa, don haka na rage duk abin da zan iya ragewa. "Zane" na cire, "guda" na cire. Ga abin da na rubuta, yadda na rubuta shi:

"Ni Akilu Karfi mazaunin Funtuwa ina gaida matata Hajo a Dayi gidan Baba Maitama. Na aiko miki da saki uku ta hannun Buba direba. Ki yi hakuri ba yawa. In Allah ya hore zan karo."

Na lashi kan sarki na manna, na jefa a gidan waya, na koma ina taku kamar na gina masallaci.

Juma'a ta uku aka karanta. Ina rumfar Mudi mai aski, na tara abokan aiki sun kai goma, na ce kowa ya kasa kunne. Mai karantawa ya yi daidai da sunana, ya ce Aƙilu. Ya yi daidai da garinmu, ya ce Ƙarfi. Waɗannan ko ba ƙugiya mutum ya san su. Sai ya zo kan kalmar. Ita kuwa kalmar nan ko ba ƙugiya tana da ma'anarta, tsaye take da ƙafarta. Ya ce, "Na aiko miki da saki uku." Ya yi tari. Ya ƙarasa a sanyaye, "Ki yi haƙuri, ba yawa. In Allah ya hore zan ƙaro." Sannan ya ce, "To, Allah ya kiyaye," ya sa kiɗan kalangu.

Mudi ya tsaya da aska a sama, rabin kan mutum a aske.

"Aƙilu," in ji shi, "uku ne ba yawa?"

"Saƙi!" na ce. "Saƙi na ce! Zane!"

"To ka gaya masa."

Kuma wallahi na gaya masa. Na rungumi akwatin na sa baki a wurin da murya ke fita ina ihu, saƙi, saƙi, kai bawan Allah, saƙi! Kalangu kawai yake amsa mini. Ranar na gane halin abin nan: baki gare shi, ba shi da kunne. Yana faɗa wa duniya, duniya ba ta da ta inda za ta mayar masa.

Washegari da sassafe na hau motar Malumfashi. A Bakori wata dattijuwa ta shigo da kwandon kaji ta zauna kusa da ni, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ka ji ɗan banzan nan na jiya?"

Na ce, "Wanne, Inna?"

"Wanda ya saki matarsa a rediyo. Har yana cewa zai ƙaro. Me zai ƙaro, don ubansa? An ce ma tsohon ciki gare ta."

Wani daga baya ya ce ba ciki ba ne, tagwaye take goyo. Wani ya ce ya san mutumin, gajere ne mai ido ɗaya, mashayi. Ni da na rubuta layi huɗu, kafin mu kai Malumfashi an ƙara mini 'ya'ya, an rage mini tsawo, an cire mini ido. Kuma a duk motar mutum biyu ne suka ji da kunnensu, sauran daga bakin wani suka ɗauka, su ne kuma suka fi rantsuwa. Dattijuwar ta zungure ni, "Kai ba ka ce komai ba." Na ce, "Allah ya shirye shi." Ta ce, "Ba amin ba."

Na isa Dayi bayan azahar. Tun daga bakin hanya yara ba su ce mini sannu da zuwa ba, sai kallo. Aka ce mini har wata Hajon daban, wadda mijinta ke Funtuwa shi ma, ta haɗa kwanukanta jiya kafin a tuna mata sunan mijinta ba Aƙilu ba ne. Rabe na zaune a teburinsa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"A'a, Malam ne? Sannu da hanya. Ƙarin ka kawo?"

Na wuce gidan Baba Maitama. Tsohuwa ce ta fara leƙowa zaure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi magana da bango kamar yadda suruka ke yi, amma da ƙarfin da za a ji a kasuwa.

"A gaya wa mai rubutu mun ji. Kano ta ji, Zariya ta ji, har arnan dawa sun ji. Wasu in za su saki mace a ɗaka suke yi. Namu sai da ya hau iska."

Ta koma. Can sai ga Hajo. Ku ji abin da ya kashe ni: ɗaya daga cikin zannuwan ne a jikinta. Buba ya kawo su da safiyar nan. Ta ɗaura shi har ƙirji, sabon shuni yana ƙamshi, ta sa farar riga mai ɗinkin hannu a wuya, kallabin a karkace, idanunta sun kumbura amma bakin yana rawa da dariya.

"Malam," ta ce, "ba yawa ko?"

"Hajo, wallahi tallahi..."

"Rufe bakin. Jiya na yi kukan da ban yi wa mamaci ba. Yau da Buba ya miƙo ƙunshi na ƙirga, ɗaya, biyu, uku, sai na zauna a ƙasa ina dariya har Inna ta ce aljanu ne. Na san aikinka ne. Wa zai yi wannan in ba kai ba?"

Na ji sanyi har tafin ƙafa. Na ce to shi ke nan, ta haɗa kaya mu tafi.

"Ina? Gari duk ya ji an sake ni saki uku, in bi ka a ce me muke yi? Baba ya ce gobe da hantsi a ƙofar Liman, a gaban mutane. Ka saurare ni da kyau, Malam." Ta matso har ina jin ƙamshin man gyaɗa a hannunta. "Liman yana son ya gyara. Abu ɗaya zai nema. Ka ce kuskure ka yi, ba ka iya rubutun ba. Ka faɗa, mu tafi gida."

"Ban iya ba?"

"Kalma uku ce. Ka rubuta wadda ta fi su tsada."

Na ce to. Da gaske na ce to, Allah ne shaida.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin ɗorawar ƙofar Liman. Baba Maitama na gefe yana jan carbi, bai dube ni ba. Dattawa sun kai goma sha biyu, 'yan kallo ba adadi. Mata na bayan danga, ina hango kallabin Hajo ta saman zana. An ajiye zane biyu a tsakiya a matsayin shaida. Rabe kuma ya zo da akwatinsa a hammata, wai ko za a bukaci a tambaye shi.

Aka fara da gardamar wanda ya yi sakin. Wani tsoho ya ce mutumin cikin akwati ne ya furta, don haka matarsa ce ta saku, ba Hajo ba. Wani ya ce ai iska ce ta kawo maganar, iska kuwa ba ta shaida. Liman, mutum mai sanyin murya, ya ɗaga hannu.

"Wanda ya karanta ɗan aike ne. Akwatin nan kuma jakin da ɗan aiken ya hawo ne. Ɗan aike ba ya sakin matar wani, jaki ma haka. Magana tana wurin wanda ya aiko, ga shi kuma a zaune. Aƙilu, ga zane mun gani. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne hannunka ya kuskure, ka nufi wani abu ka rubuta wani. Haka ne?"

Hanya ce ya buɗe mini, fetal, har da share ƙaya. Na buɗe baki zan bi. Sai Rabe ya yi gyaran murya, ya yi magana da irin tausayin da ya fi mari ciwo.

"Allah gafarta Malam, a yi masa sassauci. Bawan Allah bai iya ba ne. Mu dama mun sani. Wata biyu ya yi aka kore shi. Har sunan da ke bangon zauren can, an ce wani ne ya zana masa a tafin hannu ya zo ya kwafa."

Aka yi dariya. Ba da yawa ba, kaɗan, amma na ji wata daga bayan danga, ta mata. Ban san ko ta wace ce ba. Har yau ban sani ba. Kaina ya ɗau zafi, kunnuwana suka toshe. Sunan nan na bango da shi na auri matar, shi ne kekena, shi ne agogona, shi ne rediyona.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Ƙarya kake, Rabe! Ni na rubuta wancan, ni na rubuta wannan!"

Liman ya ce, "Zauna, Aƙilu. Tambayata ita ce, kuskure..."

"Babu kuskure a rubutuna, Allah gafarta Malam."

Baba Maitama ya daina jan carbi.

Liman ya sake sassauta murya, kamar mai lallashin akuya ta fito daga rijiya. "Yi a hankali. Abin da aka karanta shekaranjiya, shi ne a takardarka?"

"Harafi da harafi."

"Wataƙila wani ya taya ka, ya ɓata?"

"Ba wanda ya taya ni. Da hannuna, da hankalina."

"Aƙilu. Ka san abin da ka rubuta kuwa?"

Ku dubi wannan tambaya. Igiya ce ta uku ya jefo mini. Ni kuwa Rabe nake kallo, yana shafa akwatinsa yana murmushi.

"Na san abin da na rubuta sarai, kuma abin da na rubuta shi nake nufi!"

Daga bayan danga aka ce, "Wayyo, jaki." Wannan muryar kam na san ta.

Sai a lokacin maganata ta dawo kunnena. Na ce, "A'a, wato saƙi, zanen nake nufi, ai kun gane..." Liman ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce, "Shekaranjiya akwai ɗan aike a tsakani, akwai takarda, akwai akwati, ko'ina ana iya cewa a nan maganar ta karkace. Yau ba kowa tsakanin bakinka da kunnuwan mutanen nan. Sau uku na tambaye ka. Ni ba ni da inda zan kai wannan." Ya shafa fatiha. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, ta ce wai tari ne ya sarƙe ta.

Hajo ta yi idda a gidan ubanta. Rabe ya aika goro tun kafin ta gama, ta mayar masa da shi, ta ce a gaya masa ko maza sun ƙare sai akwatinsa, akwatin za ta aura. Ni kuma ta aiko mini ƙanwar ubanta da saƙo na baki, ta ce kada a kuskura a rubuta. Saƙon shi ne: hanya ɗaya ta rage, sai ta auri wani ya sake ta. Ta zaɓi Mati.

Mati mai zuma ne a bayan gari, yana ɗaura amya a itatuwa. Ya ba hamsin baya, matarsa ta rasu, ba shi da baki, in ka gaishe shi sai ya yi tunani kafin ya amsa. Na same shi a gindin tsamiya muka yi magana ta maza, ba da sanin Liman ba, don mun san ba abin da zai sa wa albarka ba ne. Sharaɗin shi ne ya zauna da ita zuwa kaka, ya sallame ta. Ni kuma, da yake bayansa na ciwo, zan nome masa gonar dawarsa a daminar nan. Ya yi tunani ya ce, "To."

Masu karatu, na yi wa mijin matata noma. Na yi huɗa, na yi shuka, na yi firi, na yi maimai, tun daga Ƙarfi nake tahowa da fartanya a kafaɗa. Da rana a aiko mini da fura daga gidan, damun Hajo, na san hannunta ko a cikin dubu. In sha ina zagin kaina. Rabe in ya wuce a keke sai ya buga ƙararrawa ya ce, "Sannu da aiki, Malam, a dai riƙa sa wa kunya ƙugiya."

Dawa ta nuna, na yanke, na ɗaure, na kai masa rumbu. Sannan na yi wanka na sa riga mai tsabta na yi sallama a ƙofar Mati. Ya fito yana sosa ƙeya.

Na ce, "Kaka ta yi."

Ya yi tunani. Ya ce, "Ta yi."

"To?"

"Na gaya mata. Sai ta tambaye ni ko ni ina so ta tafi. Na ce ban sani ba, ban iya irin wannan maganar ba. Sai ta yi ta dariya. Daga nan ta ce in ka zo in kira ta."

Ta zo bayan zana ta tsaya, ba ta fito ba. Ta saman nake ganin goshinta, ya yi haske, fuskar ta ciko.

"Malam, sannu da aiki. An ce dawa ta yi kyau."

"Hajo, ki bar wasa. Na share ɗaki, na yi sabon daɓe."

Da ta yi magana ba tsokana a ciki, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Wata bakwai ina gidan nan. Mutumin nan in bai san abu ba sai ya ce bai sani ba. In bai iya ba ya ce bai iya ba, ya miƙo mini in gwada. Jiya ya ƙona hannu wajen hura wuta ya ce shi ne bai kula ba. Ban taɓa sanin kunne yana hutawa ba sai a nan."

"Zan faɗa! Ban iya ba! Ga shi na faɗa. In hau kan kasuwa in faɗa?"

"Na ji, kuma ta yi maka kyau a baki. Amma ko na so, yanzu ba ni kaɗai ba ce. Wata na huɗu ke nan." Ta gyara kallabi. "Ka gaida mutanen Ƙarfi."

Mati ya raka ni har bakin hanya, ya ba ni zuma a ɗan tulu, yana ta ba ni haƙuri, ya ce shi ma bai san yadda aka yi haka ba. Na yarda da shi. Da a ce Rabe ne da na san wanda zan shaƙe.

Da bazara ta haifi namiji. Dawar da na nome, da ita aka tuƙa tuwon suna.